Kujerar da Kawu Yake Wa Magana

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar 'ya ga uba, da fatan jiki yana ƙara sauƙi. Yaya Inna da ɗawainiya? Ta gaya mini a waya cewa ramin da likitoci suka yi maka a maƙogwaro ya warke sarai, sai dai maganar ce babu, kuma ka rantse ba za ka taɓa rubutu a waya ba, wai yatsunka sun fi ƙarfin maɓallanta. Shi ya sa na sayi takarda, direban bas ɗin da ke biyowa ta wajenku zai miƙo maka.

Mu ma lafiya, ban da amaryarka, 'yar jikar nan taka. Ciwon asmar nan ya sa ta a gaba. Ka san ɗakinmu a hawa na farko yake, to mutumin da ya kama shagon ƙasa, wanda muke kira Mai Ƙanƙara, ya ajiye janareta a ƙarƙashin matakala, daidai saitin tagarmu. Da an ɗauke wuta sai ya tayar, hayaƙin kuma ɗakinmu yake nufa kamar an aiko shi. Ko na rufe taga sai ya samu hanya. Sau biyu ke nan ina barin keken ɗinki a kamfani in ruga da ita asibiti. Likita ya ce ko dai hayaƙin ya bar ta, ko ita ta bar hayaƙin. Babanta kuwa, daga can wajen aikin hanya, ya ce idan ba a samu mafita ba kafin ƙarshen wata mai zuwa, zai zo ya kai ta gun mahaifiyarsa. Na nemi wani ɗakin kusa da aiki har takalmina ya cinye, babu. Kawu, yarinyar nan ita ce hirata, ita ce dariyata. Idan aka ɗauke ta ban san me zan tarar a ɗakin ba in na dawo.

Akwai taron 'yan haya da wakilin mai gida yake kira, kuma dokarsa ita ce duk mai ƙorafi minti uku ake ba shi, yana duba agogo. Na sa sunana. Kai da ka yi rayuwarka kana gajeren jawabi a rediyo kowace safiya, ka san ni ko a gaban mutum uku harshena naɗewa yake. Ba banza ka sa mini Shiru-shiru ba.

Ga abin da na rubuta na haɗo maka. Don Allah ka gyara mini, in haddace.

'Yarka,
Shiru-shiru

*

Zuwa ga Shiru-shiru,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta same ni ina zaune a ƙofar ɗaki ina hararar rediyo. Jiki alhamdu lillahi. Innarki ta ce tun da muka yi aure ba ta taɓa kai ƙarshen zance ba sai bana, har ƙiba ta yi. Ki shafa mini kan amaryata, ki ce mata angonta ya ce ta daina wannan tarin, ba na son mace mai ƙorafi.

Na karanta jawabinki. Kai, 'yar nan, ashe shirunki na mugunta ne! Shafi biyu cif, kin kira bawan Allah marar tausayi, kin kira shi marar tsoron Allah, kin kawo sunayen gubar da ke cikin hayaƙi waɗanda ni kaina sai da na cire tabarau na goge. Duk gaskiya kika faɗa, amma da ni ne Mai Ƙanƙara, kina gamawa zan je in sayo janareta na biyu. Wanda aka tsige a gaban jama'a ba ya jin magana, mutuncinsa yake tattarawa.

Ba zan gyara miki ba. Idan na gyara, maganata za ki haddace, kuma haddar da aka yi da tsoro ita ce take fara gudu in an miƙe tsaye. Ga aikin da zan ba ki, kusan irinsa aka ba ni lokacin da na fara aiki. Duk inda kika ji wani ya tashi yana wa jama'a 'yar gajeruwar magana, a asibiti ne, a mota ne, a wajen aiki ne, ki buɗe kunne ki tambayi kanki abu uku. Da wa yake magana? Da me ya buɗe baki? In ya gama, me yake so mutum ya tashi ya yi? Sannan ki dubi fuskokin masu sauraro, don su ne alƙalai. Ki rubuto mini abin da kika gani, kada ki ji tausayin kowa.

Sai kuma sirrin sana'a, wanda ban cika faɗa ba. A ɗakin da muke watsa shiri babu kowa sai kai da makirfo da wata jar fitila. Sababbin ma'aikata sukan ɗauka da duniya suke magana, sai su kama ihu. Ni kuwa kujera nake jawowa in ajiye a gabana, babu kowa a kai, in zaunar da mutum ɗaya a raina, in yi masa magana. Masu shara sun sha mayar da ita jikin bango, ni kuma in sake jawo ta, har suka gaji suka ce ta aljanin Malam ce. Ke ma ki samu kujera a ɗakinki. Wanda za ki zaunar a kai, wannan ke za ki gano.

Kada ki tsorata da minti uku. Mai abin faɗa minti uku ya yi masa yawa, marar abin faɗa ko kwana aka ba shi sai ya nemi ƙari.

Kawunki

*

Zuwa ga Kawu,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ina fata kana cin abinci, don Inna ta kawo ƙararka. Amaryarka ta ce in gaya maka ita ma ba ta son miji mai furfura. Tarin yana nan, amma makon nan wuta ta ɗan zauna, mun samu barci.

Da farko na ji haushin wasiƙarka, ba zan ɓoye ba. Na kwana biyu ina cewa ni da nake neman ruwa an miƙo mini guga. Amma na yi aikin, kuma yanzu ka lalata mini kunne, ko mai tallan lemo ya buɗe baki sai in kama auna shi.

Na fara da nas ɗin asibitin yara. Kafin a fara ganin likita takan tsaya ta yi wa iyaye magana a kan wanke hannu. Baiwar Allah ta san aikinta, amma da bango take magana, idonta a kan takarda. Ta buɗe da ma'anar tsafta, ta jero abubuwa har goma. Na dubi matan da ke kan benci, wata tana gyara goyo, wata tana leƙen layi kada a tsallake ta. Da ta gama na tambayi ta kusa da ni me aka ce, ta ce, "Oho, wai dai a riƙa tsafta."

Na biyu shugaban sashenmu ne. Allura ta huda yatsan wata, sai ya tara mu a kan kiyaye haɗari. Da "ku ba kwa jin magana" ya buɗe. Daga nan kowa ta sunkuyar da kai tana wasa da zare, muna jira ya gama. Ina tsaye sai na ji kunya ta rufe ni, don jawabin da na aiko maka ƙanin nasa ne, uwa ɗaya uba ɗaya.

Wanda ya ba ni mamaki mai tallan maganin haƙori ne a cikin bas. Ban yarda da maganinsa ba ko kaɗan, amma Kawu, mutumin nan gwani ne. Bai ce "jama'a" ba. Wani dattijo ya duba ya ce, "Baba, yaushe rabonka da tauna ƙashi?" Motar ta fashe da dariya, dattijon ma yana dariya. Sai ya ɗora masa kwalbar a tafin hannu, ya ce ya riƙe kawai, ba sai ya saya ba. Duk maganar da dattijon ya yi ta, amma kowa ya ji kamar da shi ake. Da ya zo ƙarshe ya faɗi abin da za a yi a fili: mai so ya ɗaga hannu kafin tasha ta gaba. Hannuwa suka tashi.

Na jawo kujera kamar yadda ka ce. Da fari wakilin mai gida na zaunar, sai na ga ba shi da janareta. Na zaunar da Mai Ƙanƙara, na buɗe baki, sai na tarar ban san komai game da shi ba ban da hayaƙinsa da ƙanƙararsa. Washegari na shiga shagon na sayi ƙanƙarar da ba na bukata. Firiza uku gare shi cike da kifi da kaji na mutane, in suka narke shi zai biya. Na yi ƙarfin hali na tambaye shi me ya sa bai kai injin bayan gida ba. Ya ce can ya fara ajiye na farko, ɓarayi suka ɗauke. Ashe shi ma da nasa ciwon.

Yanzu ga na huɗu, kuma ka ce kada in ji tausayin kowa. Ranar Lahadi tasharku takan maimaita tsofaffin shirye-shirye. Ina wanki sai na ji muryarka, Kawu. Na saki zanin a cikin ruwa na zauna. Jawabinka ne a kan masu ƙona shara a cikin unguwa. Muryar nan kamar yau, har da ɗan tarin da kake yi kafin ka ce "to". Buɗewar ta yi kyau, ka fara da matar da ta shanya fararen kaya ta dawo ta tarar sun yi baƙi. Na ga matar da idona. Amma da na kawo tambayarka ta uku, sai na rasa amsa. Ka yi mana faɗa mai daɗi, ka yi sallama, ba ka gaya mana inda za mu kai sharar ba. Mai sauraro zai tashi da jin kunya, sharar kuma tana nan a ƙofar gidansa. Ka ga ɗalibarka ta fara ƙoƙari ko?

Ina jiran hukunci. Na gode da wannan guga, ya fara jawo ruwa.

Shiru-shiru

*

Shiru-shiru,

Na ga takardarki. Kin gama koyo. Ba ni da abin da zan ƙara miki.

Kawunki

*

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da Inna. Na kira wayarta ya fi a ƙirga, a kashe.

Direba ya ba ni takardarka, na juya bayanta ina neman sauran, babu. Ba gaisuwa, ba tsokanar amaryarka, rubutun ma kamar ba naka ba. Na karanta layukan nan har na haddace su, kuma na gane. Na yi rashin kunya. Mutum ya rasa muryarsa, ni kuma in ji ta a rediyo, maimakon in ce maka na yi kuka, sai na ɗauko ma'auni. To na yi kukan, Kawu, shi ya kamata in fara faɗa. Wasa na so in yi maka irin wanda kake mini, na manta cewa ba kowane wasa ne yaro yake mayar wa babba ba. Magana zarar bunu ce, ta riga ta fita. Don girman Allah ka yafe mini.

Tun rasuwar Umma ba ni da wanda nake kai wa kukana sai kai. Ka riƙe ni a gidanka, ka kai ni koyon ɗinki, ranar da aka kai ni ɗaki kai ka tsaya a matsayin uba da uwa. Idan na ɓata wannan saboda jawabin shara, ban san inda zan sa kaina ba.

An sa taron ranar Asabar ta sama. Wuta ta sake lalacewa, injin yana aiki tun safe har yamma. Shekaranjiya daga makarantar amaryarka aka kira ni, na tarar da ita zaune a ofishin shugaba tana jan numfashi da kafaɗu. Babanta ya ce ya riga ya gaya wa mahaifiyarsa ta gyara ɗaki. Yarinyar ta ji muna waya, ta tambaye ni ko a can ma ni zan riƙa yi mata kitso. Na ce mata eh, don ban san me zan ce ba.

Kullum in na dawo aiki ina zama gaban kujerar nan. Wani lokacin maganar ta fito, wani lokacin in yi ta kallonta. Ko layi ɗaya ne ka aiko mini, ko na faɗa ne.

'Yarka mai neman afuwa,
Shiru-shiru

*

Zuwa ga Kawu,

Sallama. Ban samu amsarka ba, kuma ban yi fushi ba. Ko kana so ko ba ka so, haƙƙinka ne ka ji yadda aka ƙare, don da gugarka aka ja ruwan. Ina fata jikinka lafiya.

An yi taron a tsakar gida, kowa ya fito da abin zamansa. Mai walda na hawa na biyu ya yi ƙorafin famfo, malamin makarantar da ke ɗakin baya ya yi na yara masu buga ƙwallo. Ina jin su ina auna su, har na manta da tsorona na ɗan lokaci. Sai wakili ya kira ni, ya ɗaga agogo. Na miƙe.

Ban kalli kowa ba sai Mai Ƙanƙara. Ya riga ya naɗe hannu a ƙirji, ya san da shi za a yi. Na ce, "Maƙwabci, ka tuna ranar da zazzaɓi ya kama 'yata bara, na sauko a guje, ka fasa ƙanƙara ka ba ni, ka ce in bar kuɗin? Ban taɓa yi maka godiya a gaban mutane ba. Yau na yi." Sai ya sauke hannun, ya ce, "Ai ba komai, ai 'yarmu ce."

Daga nan na ciro labulen tagarmu daga jaka. Ni na ɗinka shi da farin yadi farkon shekara. Ban ɗaga shi sama don a gani ba, na je na ɗora masa a hannu kamar yadda mai maganin haƙori ya yi. Na ce, "Wannan labulen a kan gadonta yake. Shi ina iya wanke shi. Ƙirjinta ne ban san yadda zan wanke ba. Na san ba da gangan kake yi ba, na san kayan mutane ne a firizarka, na kuma san an taɓa yi maka sata a baya. Amma likita ya ce in ba a raba ta da hayaƙin ba, sai dai a raba ni da ita."

Ya juya labulen, ya shafa, ya dubi yatsunsa. Ni kuma da na ga na kai nan ban faɗi ba, sai daɗi ya kama ni, na juya zan zauna. Har na taɓa kujera, sai na ji kamar an ce mini, to sharar fa, ina za a kai ta? Ka yafe mini, Kawu, amma wallahi abin da ya zo mini ke nan: kada in yi irin ta Kawu. Na sake miƙewa. Wakili ya ce saura kaɗan. Na ce, "Abin da nake roƙo ɗaya ne. A mayar da injin bayan gida kusa da tankin ruwa, a yi masa kejin ƙarfe da kwaɗo. Ni zan kawo kwaɗon. Wa zai taimaka da hannu ranar Asabar mai zuwa?"

Ba wanda ya motsa. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Can sai mai walda ya ce yana da ragowar ƙarfe a shago, in dai za a gyara masa famfo shi ma a ji da shi. Aka yi dariya. Wasu samari biyu suka ce za su ɗauka. Mai Ƙanƙara bai ce eh nan take ba, ya ce wayar wutar ba za ta kai ba, ya ce in aka sake sacewa fa. Wakili ya ce a gwada wata ɗaya a gani. Sai mutumin ya ninke labulen da kyau, ya miƙo mini da hannu biyu, ya ce, "Me ya sa ba ki taɓa gaya mini ba?" Kawu, wata nawa ina tsine masa a raina, ashe ban taɓa buɗe baki na gaya masa ba. Na ɗauka hayaƙin da nake gani shi ma yana gani.

An mayar da injin. Ba a rasa tangarɗa ba, malamin ɗakin baya ya ce yanzu ƙarar a kansa take, ya daina amsa gaisuwata. Ina nan ina lallaɓa shi, na ce zan ɗinka masa labule mai kauri. Amaryarka ba ta warke ba, amma ta yi mako ba ta nemi maganin da take shaƙa da rana ba, kuma jiya da taga a buɗe muka yini. Babanta ya zo ya gani, ya zagaya bayan gida ya ƙwanƙwasa kejin, ya ce to a bar ta tukuna. Da ya faɗa sai na shiga banɗaki na yi kukana a can.

Na gode, Kawu. Da ka gyara mini takardar nan kamar yadda na roƙa, da yanzu ina ninke kayan yarinya a akwati. Ko ba ka sake rubuto mini ba, wannan godiyar tana nan har in mutu.

Shiru-shiru

*

Zuwa ga Shiru-shiru, wadda sunan ya daina dacewa da ita,

Wa alaikumus salam, da gaisuwa mai tsawo, tun da na ga gajeruwa ba ta karɓe ki ba. Yaya aiki, yaya maigidanki, yaya amaryata? Ki ce mata furfurar nan ado ce.

Takardunki biyu tare suka iso hannuna jiya. Direban ya zo ya tarar da gida a kulle, ya bar su gun mai shagon kusa da mu. Muna asibiti, 'yar nan. Bututun maƙogwaron ne ya toshe, aka kwantar da ni, wayar Innarki kuma ta faɗa bokitin wanki tun ranar farko. Ni na hana a nemi wata a gaya miki, na ce kina da naki a gabanki. Yanzu na dawo, ina cin abinci, ina hararar rediyo kamar da.

Waccan 'yar takardar a kan gado na rubuta ta, da allurar ƙarin ruwa a bayan hannuna, Innarki da ta karɓo taki a tasha tana tsaye tana cewa direba zai tashi, fasinja na jira. Abin da na rubuta shi nake nufi, kin gama koyo. Amma da na ga yadda kika ɗauke ta a wasiƙarki, ni ma na ga ta yi kama da ƙofar da aka rufe da ƙarfi. Mutumin da ya shekara talatin yana koya wa mutane magana, ga shi layi uku sun gagare shi. Da da murya na faɗa miki, da kin ji dariyar da ke ciki. Ita ce abin da takarda ba ta ɗauka. Ki daina neman afuwa, babu laifin da aka yi.

Sai dai ba allurar kaɗai ta sa na gajarta ba, kuma wannan ban taɓa gaya miki ba. Ranar da aka fara saka jawabin sharar nan, ina ji da kaina, kowa a tashar yana yaba mini. Da yamma na biya gidanku don in karɓi sauran yabon. Mahaifiyarki tana tankaɗe, kina goye a bayanta. Ko ɗago kai ba ta yi ba ta ce, "Yaya, ka yi mana faɗa ka tafi. To mu kai sharar ina?" Na yi fushi na kwana uku. A na huɗu na jawo kujera na ajiye gaban makirfo, na zaunar da ita. Tambaya ta ukun da na ba ki, tata ce. Duk jawabin da na yi bayan wannan, da ƙanwata nake magana, kuma ba na sallama sai na tabbata ba za ta ce mini "to sai me" ba. Bayan ta rasu ma ban mayar da kujerar jikin bango ba.

To ki duba halina. Ina kwance, ba murya, Innarki ta miƙo mini takarda, na buɗe, sai ga maganar nan kusan kalma da kalma, daga yarinyar da take goye ranar. Na kifa takardar a fuskata. Innarki ta zaci ciwon ne, ta ruga kiran nas. Ban iya gaya mata ba, ke ma ban iya rubuta miki ba. Ni ne da godiya, Shiru-shiru. Na ɗauka na rasa muryoyi biyu, ashe ɗaya tana wajenki a ajiye.

Jawabinki na tsakar gida kuwa, na auna shi da tambayoyin uku, ban samu inda zan sa jan biro ba, kuma Allah ya sani na nema. Malamin ɗakin baya ki zaunar da shi a kujera shi ma, kafin ki yanka yadin labulen.

Yanzu kada ki ce na sake yin surutu na tafi ban faɗi abin da za a yi ba. Ga shi. In an yi hutun makaranta ki ɗauko amaryata ku zo. Ki taho da labulen, kada ki wanke shi. Ki tsaya a tsakar ɗakina ki maimaita mini minti ukun nan da bakinki, tun daga ƙanƙara har kwaɗo. Na riga na sa Innarki ta goge kujera. Wannan karon ni zan zauna a kai.

Kawunki